Kwalba Biyu a Gindin Randa

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen watan Yuli, da ƙarfe tara da rabi na safe, a wani ƙauye da ke arewa da Tsarnawa. Mu uku ne cikin ɗakin: ni da rikodata, da Madam Rakiya, ma'aikaciyar sarwis ɗin noma mai kula da ƙwarin amfanin gona, da mai ɗakin, wata mata da ake kira Habsu. Malam Isa, yayan mijin Habsu, yana zaune a zaure. Mijin ya tafi ci-rani Legas, gidan yana hannun yayan, shi kuwa yayan miji ba ya shiga ɗakin matar ƙaninsa.

Da wannan rana nake farawa duk lokacin da aka turo mini masu koyon aikin rediyo irinku. Kuna zuwa da waya a hannu, kuna ganin aikin bai wuce a danna, a miƙa wa mutum, a watsa ba. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina shirya Filin Manoma a wata ƙaramar tasha a Ƙonni, kuma kuskuren da ya fi kowane muni a aikina na yi shi ne da ɗaukar da ta fito tas, babu ko kukan akuya a ciki.

Abin da na fara gani a ɗakin tebur ne na katako, an tsoma ƙafafunsa huɗu cikin gwangwanin tumatir cike da ruwa don kada kiyashi ya hau. A kansa akwai kwalabe goma sha huɗu masu faɗin baki, an rufe kowace da ƙyalle an ɗaure da roba. Wasu garin hatsi ne a ciki, tsutsa tana motsi. Wasu kuwa na ɗauka babu komai cikinsu, sai da na matso na ga abin da na zaci ƙura ce a jikin ƙyalle yana tafiya.

Habsu ta ɗauko tsutsa ɗaya ta ajiye a kan farin murfin kwano. Ta ɗauko wani siririn bututun roba mai 'yar raga a tsakiya, ta kama gefe ɗaya da leɓe, ta zura ɗayan cikin kwalba, ta ja numfashi kaɗan. Ƙwaro ɗaya ya shigo bututun.

"Wanga namiji ne, ba shi da aiki nan," ta ce, ta hura shi ya koma. Madam Rakiya ta yi dariya.

Na biyun da ta jawo ta ce mace ce. Na tambaye ta yadda ta gane, ta ce macen tana da tsinke a baya. Ni ƙwaron ma da kyar nake ganinsa, balle tsinkensa. Ta sake shi kusa da tsutsar, ta kife su da kofin gilashi, Madam Rakiya ta miƙo mini madubin nan mai ƙara girman abu.

Ƙwaron bai kai ƙwayar riɗi ba. Amma ta cikin madubin sai ga halitta cikakkiya: ƙugu siriri, fukafukai kamar an yanko su daga ɓawon albasa, da gashi biyu a ka tana taɓa murfin da su kamar makaho da sandarsa. Ta zagaya tsutsar sau biyu. Tsutsar a wajenta kamar sa ne a wajen kaza. Ta tsaya, ta lanƙwaso bayanta ta tsakanin ƙafafunta har tsinken ya fito ta gaba, ta soka sau ɗaya, ta ja da baya ta jira. Tsutsar ta yi ta birgima, sannan ta miƙe sanƙam.

"Ba ta mutu ba," in ji Habsu. "Sandarewa ta yi. In ta mutu ruɓewa za ta yi, ɗiyan ba su samun abinci. Yanzu za ta aza ƙwai bisa jikinta. Kwana tara, in da zafi takwas, sai sababbi su tashi."

A wannan ɗaukar akwai daƙiƙa arba'in da babu muryar kowa. Ni ne na manta ina bakin aiki.

Ga waɗanda suka tashi a gari ba su san murzuna ba: tsutsa ce da ke shiga zangarniyar hatsi lokacin da ya fitar da kai. Tana ci tana zagayawa, ta bar tabo a murɗe kamar igiya. Manomi yana hango gona daga nesa ya yi hamdala, ya matso ya murza zangarniya ya ga ƙaiƙayi ne. Wannan ɗan ƙwaro shi ne abokin gabarta. Madam Rakiya ta koyo kiwonsa a labo, wato ɗakin binciken kimiyya, ta koya wa Habsu, Habsu kuma tana zuba hatsi da gari da tsutsar gari da mata biyu na ƙwaron cikin 'yan buhunan algarara, kowane bai fi tafin hannu biyu ba. Ana rataye su a rumbuna. Ƙwarin su hayayyafa a ciki, su fita ta ramukan saƙa, su bi gonaki suna neman murzuna.

A minti na goma sha bakwai na ɗaukar, Habsu ta matso kusa da makirfo ta ce: "Mai rediyo, abu biyu za ka hwaɗa ma maza. Kada a buɗe buhu. Tsutsar da ke ciki ta gari ce, abincin ƙwaron ce, ba ta hawan kara. Kuma in anka rataya, kada a yi feshi sai sati uku sun wuce. Maganin ba shi iya cim ma murzuna cikin raminta, amma ƙwarina da ke yawo a sarari, kashe su shikai." Ta sake maimaitawa kafin mu tashi. Na ce mata na ji.

A zaure na miƙa wa Malam Isa makirfo, don ba a fita gidan mutum ba a ba shi magana ba. Minti biyu ya yi. Ya gode wa Allah, ya gode wa hukuma da ta kawo maganin murzuna cikin buhu, ya rufe da cewa kowa shi tashi tsaye shi yaƙi tsutsa da abin da Allah ya hore mishi.

Yanzu sai na koma baya, in gaya muku inda na koyi aiki, in ba haka ba ba za ku gane abin da na yi da waɗannan muryoyi biyu ba.

Malam Ango ne ya koya mini, shi ne shugaban shirye-shiryenmu. Lokacin da na zo kaset ake amfani da shi. Aikina na farko goge kan rikoda da auduga, da shanya batura a rana don su ƙara kwana ɗaya. In za a cire tari ko kame-kame daga maganar mutum, rikoda biyu ake haɗawa, a kwafa daga wannan zuwa waccan, yatsa a kan maɓalli. Ka makara da ƙiftawar ido, ka cinye rabin kalma. Wata shida bai bar ni na buɗe baki a iska ba. Abin da ya yi kawai, ya ba ni agogo da littafi ya ce in bi gari. In zauna a tasha, in zauna a rumfar mahauta, in bi amalanke zuwa gonakin ƙauyen Bazaga, in rubuta wa ya kunna rediyo da ƙarfe nawa, wa ya kashe, me ake yi a gefenta.

"Sule," yakan ce, "kowa na iya magana. Sanin wa ke zaune kusa da akwatin a sa'ar da kake maganar, shi ne sana'ar."

Na kuwa sani. Na san da damina namiji ba ya jin rediyo sai ya dawo daga gona ya yi Magariba. Na san ƙarfe goma na safe mata suna daka, ko suna hanyar kai abinci gona. Masu sauraronmu ba mutanen da ke ɓoye ba ne. Mutum yakan zo har ƙofar tasha da ganyen wake a aljihu ya ce a duba masa. Wani yakan tare ni a kasuwa ya ce jiya na faɗi ba daidai ba, a gyara.

Amma a teburin Malam Ango akwai kwanduna biyu na kaba. Ɗaya an rubuta masa Manoma, ɗayan an rubuta Mata. Duk wanda ya dawo daga ƙauye yakan jefa kaset inda ya dace. Muryar namiji ta shiga na farko, a sa ta bayan Magariba. Muryar mace ta shiga na biyu, a sa ta a Filin Mata, ranar Talata da ƙarfe goma na safe. Babu wanda ya taɓa kafa wannan doka, hannu ne ya saba. Da aka daina kaset aka kawo kwamfuta, sai muka buɗe jaka biyu a cikinta muka ba su sunayen kwandunan.

To ranar nan da na dawo daga ƙauyen, hannuna ya yi abin da ya saba. Minti biyu na Malam Isa suka fita a Filin Manoma a maraicen Jumma'a. Minti arba'in na Habsu suka fita ranar Talata da safe, tsakanin hira kan yaye da hira kan haɗa sabulu. Ban yanke mata ko kalma ɗaya ba. Na ma yi alfahari da haka.

Shekarar ta zo da murzuna irin wadda dattawa suka ce sun daɗe ba su gani ba. An rataye buhunan Habsu a rumbuna. Kwana goma bayan haka, daidai lokacin da ƙwarin suka fara fita, manoma suka ga tabon tsutsa a zangarniya, suka tuna an ce kowa ya yaƙe ta da abin da ya samu. Akwai wani Ibro a ƙauyen mai famfon feshi na goyo. Ya samo magani daga ƙetaren iyaka, ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya, daga asuba har rana ta take. Ibro ba mugu ba ne, kiransa aka yi.

Da tsutsa ta ƙi raguwa, wani ya sauko da buhun da ke rumbunsa ya farke shi don ya ga maganin da ke ciki. Ya ga tsutsa. Ya ɗauka a tafin hannu har ƙofar maigari. Kafin La'asar magana ta gama gari cewa matar nan tsutsa take kiwo a ɗaki tana rabawa rumbu-rumbu. Aka tattara buhunan aka cinna musu wuta.

Kaka ta zo, damin da namiji ke nishi kafin ya ɗora a ka, da hannu ɗaya ake ɗaga shi. Samari suka fara hawa mota zuwa kudu tun ba a gama yankan kara ba. Maigari ya yanke cewa a fitar da kiwon daga garin, kuma duk ranar da aka sake ganin kwalba ɗaya, wuta ce makomarta. Malam Isa ya tsaya a ƙofar ɗaki, Habsu tana miƙo masa kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Goma sha biyu ta miƙo.

Ni ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba sai a watan Nuwamba, da Madam Rakiya ta shigo ofishinmu ba sallama mai tsawo, ta ajiye wani guntun algarara da ya ƙone a kan takarduna.

"Malam Sule, ka sa hirar Habsu?"

"Na sa ta duka, Madam. Ko tari ban cire ba."

"Ƙarfe nawa?"

Na buɗe littafin da muke rubuta abin da ya fita. Na karanta mata rana da sa'a. Kafin in kai ƙarshen layin na ji abin da nake karantawa.

"Ni ma ban ji ta ba," ta ce. "Ina gona a lokacin. Kowa yana gona."

Ta zauna ta gaya mini sauran. Habsu ta riƙe kwalba biyu, ɗaya ta tsutsar gari, ɗaya ta ƙwaron, ta binne su rabi cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randarta. Labon da aka samo irin yana da nisa, kuma babu tabbacin za a sake ba yankinmu bayan abin da ya faru. In waɗannan biyun suka mutu ko aka ƙone su, an gama. Kuma kwalba biyu ba sa isar ko rumbu uku. Dole kafin hatsi ya yi ciki a mayar da su kan tebur a sarari su hayayyafa, wato dole garin ya yarda.

Na je wajen Malam Ango na ce ina son in sa mace a Filin Manoma, kai tsaye, minti arba'in da biyar.

"Maza za su kashe rediyo."

"Sai mu yi asarar maraice ɗaya. Su sun yi ta shekara."

Na sa masa minti na goma sha bakwai na hirar Habsu. Ya saurara, ya ce in mayar, ya sake saurara.

"Ba yanzu ba," ya ce. "Yanzu wa zai ji? Rabinsu suna Legas, rabinsu suna lambun albasa. Ka bari ruwan farko ya sauka su dawo shuka. Jumma'ar da ta biyo bayan shuka, namiji ko barci yake yi kunnensa na kan maganar hatsi."

Gaskiyarsa ce, amma wata bakwai ne tsakani, kuma bazara tana ciki. Wanda ya san zafin watan Afrilu a ƙasar Ƙonni ya san abin da nake nufi. Ƙwaron nan zafin ɗaki kawai yana kashe shi.

Na koma ƙauyen sau uku a wannan tsakani, kullum tare da Madam Rakiya, da sunan hirar mata. Abin da na gani a gindin randar nan har yau ban ga kamarsa ba. Habsu tana jiƙa yashin sau uku a yini, ta rufe kwalaben da jiƙaƙƙen tsumma, ta gwada sanyinsu da bayan hannu kamar mai duba jariri. Tana ɗiga zuma a kan ƙyalle da tsinken tsintsiya, ɗigo ɗaya, don in ya yi yawa ƙwarin su manne su mutu. Duk kwana goma tana zaɓo mata masu ƙarfi da bututunta ta ba su sabuwar tsutsa. Aji huɗu kawai ta yi a lakwal, makarantar boko, amma tana da littafi: ranar da ta sa, mata nawa, ranar da suka tashi, nawa suka tashi. A tsakiyar Afrilu akwai layin da ya nuna shida kaɗai suka tashi, biyu ne mata. Madam Rakiya ta dubi layin ta ce a labo mai fanka da firji ma an sha rasa iri a wannan wata.

Da na gaya wa Habsu shirinmu, ta ce: "In na hwaɗi a rediyo ba sauran ɓoyo. In sunka ƙi, wuta ce."

"Haka ne."

"To kai ka hwara hwaɗin naka laihin. Kada in zo in yi ta rantsuwa kamar wadda anka kama da akuya."

Saura Malam Isa. Na same shi a zaure na sa masa minti na goma sha bakwai daga rikoda. Ya tambaya ko tun bara ta faɗi haka. Na ce tun bara, ni ne na sa ta a sa'ar da ba ya gida. Ya ce shi ma da ta so gaya masa a lokacin gobarar buhuna, ta aiko matarsa, bai tsaya ya ji ba. Ya yarda zai kawo ta Ƙonni da kansa. Zancen kwalba biyu ban yi masa ba, don ba nawa ba ne.

Ruwa ya sauka a tsakiyar Yuni, aka yi shuka. Ranar Jumma'a da ƙarfe bakwai da rabi na yamma muka shiga ɗakin watsa shiri: ni, da Madam Rakiya, da Habsu da littafinta, da Malam Isa a kujerar baƙi. Na buɗe da gyara, kamar yadda muke yi in mun faɗi sunan mamaci ba daidai ba. Na ce bara an ba ni saƙo zuwa ga manoma, na kai shi inda manoma ba sa nan, kuma ga mai saƙon da kanta. Na ambaci sunanta da aikinta, na ce mai kiwon ƙwarin da ke kashe murzuna.

Na yi mata tambayar farko. Shiru. Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya, ta amsa da abin da ko makirfo bai kama ba. Duk shirina ban lissafa da wannan ba: mace ba ta sakin baki a gaban yayan mijinta. Ranar farko ta yi magana ne don yana zaure. A rediyo shiru na daƙiƙa biyar daidai yake da mutuwa, mu kuwa mun kai goma.

Malam Isa ne ya gane. Ya miƙe, ya ɗauki hularsa daga gwiwa, ya ce da ƙarfi har ya shiga iska: "Ni dai zafi ya ishe ni cikin akwatin ga naku. Bari in je waje in ji a rediyo kamar kowa."

Ƙofa na rufewa Habsu ta ɗago kai.

"Kun san zanzaro," ta ce, "wanda ka ɗauko tsutsa shi kai ɗakinshi na laka shi toshe? Mi kuka tsammani shikai da ita? Ɗiyanshi shika aje ma abinci. To wanga ƙanenshi ne, sai dai shi bai iya gini ba, can cikin zangarniya shika iske ta."

Na yi shekaru ina neman yadda zan bayyana irin waɗannan abubuwa da Hausa, ina juya takardun Faransanci. Ita da zanzaro ta gama. Ta bi bayanin daki-daki, Madam Rakiya tana ƙara abin da ya shafi lokacin ratayewa. Sannan ta faɗi zancen kwalba biyu, da inda suke, da cewa zuriya ta ashirin da biyu ce ke ciki tun ranar da aka karɓe sauran.

Waya ta fara ƙara. Na uku da ya kira Ibro ne.

"Mai rediyo, a tambaye ta, ƙwaron da sai an sa madubi a gan shi, shi za ya yi abin da famfona ya kasa?"

"Ibro," in ji Habsu, "famfonka ana ganinshi tun daga Tsarnawa. Dami nawa ya kawo ma bara?"

Sai da na rage sautin makirfona don dariyar mai kula da na'ura. Ta ci gaba, ba da wasa ba: "Ban ce duka za su mutu ba. Kada wani shi ce na ce. A ba ni sati uku ba feshi, sannan mu shiga gona mu ƙirga. Kai za ka tsinko zangarniyar da hannunka."

Kira na ƙarshe da muka ɗauka, na tambaya kamar kullum wa ke magana, daga ina.

"Isa ne. Daga gindin dogon yaro, ga ni ina kallon tagarku. Ina da tambaya ga Malama."

Ban taɓa jin an kira ta haka ba. Habsu ta dubi makirfo ta ce, "Ina jin mai sauraro."

"Kwalaben nan, goma sha biyu anka miƙo min."

"Sha huɗu ne."



"To teburin yana zaure, ban ƙone shi ba. Gwangwani ne babu. Gobe ni ka zuwa wajen maigari."

Maigari ya ba da damina ɗaya. In ƙirga bai nuna komai ba, hukuncin bara yana nan. Kwalabe suka koma kan tebur, aka sake rataye buhuna, kowa ya ajiye feshi.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai cikin shekarun nan duka shi ne ranar ƙirgar, wata Asabar a watan Satumba. Na tsaya a bakin gona da rikoda, maza sun cika kunya-kunya, mata suna daga baya. Habsu ta hana kowa zaɓen zangarniya da ido. Ta ce mai son ta ci zai zaɓi mai kyau, mai son ta faɗi zai zaɓi mummuna, don haka ƙafa ce za ta zaɓa. Ibro zai ratsa gona daga kusurwa zuwa kusurwa, duk taku goma ya tsinko wadda ke hannun damansa, ko wace iri ce. Ya kawo, ta buɗe tabon da tsinke a gaban kowa. In tsutsa mai rai ce, a ajiye tsakuwa a hagu. In ta bushe ta yi baƙi, da 'yan fararen kwanso kamar ƙwayar shinkafa a gefenta, a ajiye a dama. Gona biyar aka bi haka.

Tun a gona ta biyu surutu ya mutu. Madubin Madam Rakiya ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Na ga dattijo mai furfura ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe, ya miƙe yana tasbihi. Tarin dama ya fi na hagu nesa ba kusa ba, amma na hagu ma yana nan, kuma Habsu ta sa aka ƙirga shi da ƙarfi, ta rubuta. Washegari Madam Rakiya ta ɗauki Ibro da dattawa biyu zuwa wani ƙauye mai nisa inda ba a rataya buhu ba, suka yi irin wannan tafiya. A can tarin hagu ne ya yi tsawo.

Maigari bai yi jawabi ba. Ya aiko a tambayi Malama ko rumbunsa yana cikin na baɗi.

Abin da nake so ku ɗauka daga nan abu ne na aiki. In kun isa gari, za a kai ku wajen wanda ya saba magana. Ku gaishe shi, ku ba shi mintinsa biyu. Sannan ku tambaya wa ke taɓa abin da hannunsa, ku bi amsar ko da ta kai ku ƙuryar ɗaki. Ku faɗi sunan mutum da aikinsa cikakke. Shekara uku ina gabatar da Madam Rakiya da cewa wata ma'aikaciya da ta rako mu, alhali ita ce ta san ƙwarin yankin nan fiye da duk wanda na taɓa miƙa wa makirfo. Daga baya na gano masu duba jini a asibitoci, da mai auna ruwan sama a wata makaranta, da matan makiyaya da suka san ciwon dabba tun kafin ta kwanta, duk muryoyinsu suna cikin jakar Talata. Kuma in kun gama ɗauka, kafin ku ajiye murya a ko'ina, ku tambayi kanku wa ya kamata ya ji ta, da ƙarfe nawa yake zaune.

Malam Ango da kansa ya goge sunayen jakunkunan nan biyu kafin ya yi ritaya. Yanzu da abin da aka faɗa muke rabawa, noma, lafiya, kiwo. Filin Mata yana nan ranar Talata, an mayar da shi bayan La'asar.

Madam Rakiya an yi mata canjin aiki zuwa Badagishiri, ta buɗe wani kiwon a can. Habsu tana da tebur uku yanzu, da mata huɗu da ta koya wa jan bututu. Ibro ne ke kai buhuna ƙauyuka a bayan babur ɗinsa, famfon kuma sai da rani yake sauke shi don albasa. Buhunan da aka rataya a rumbunan Bazaga bana, irinsu daga kwalba biyun nan ya fito.